Tsarabar Gwaggo Ta Tsaya a Gidan Suna

Assalamu alaikum Anti Mubina,

Don Allah ki cece ni kafin ranar Asabar. Na ɗebo ruwan dafa kaina, kuma abin haushin, duk sanda na zauna zan yi nadama sai in ji murmushi ya ƙwace mini.

Ni 'yar Kano ce, ina aikin ba da magani a wani asibiti a nan Maryland. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni a gidanta na Gaithersburg tun da na zo karatu. Ko bayan da na kama wurina ban fasa zuwa cin tuwonta na ranar Lahadi ba. Ita ce uwata a ƙasar nan, kuma duk tsawon zamanmu ba ta taɓa buɗe baki ta roƙe ni komai ba sai wannan karon.

Bana ni da ƙawayena biyu muka haɗa hutunmu muka tafi Indonesiya: Constance, nas ce 'yar Kafanchan, da Kaneng 'yar Jos, mai aiki a ofisoshin gwamnati. Tafiyar jakar baya muka yi, kowa da jaka ɗaya, ba otal na alfarma, mu kwana a ƙananan masaukai ko a gidajen mutane. Kaneng ce sarauniyar tafiyar, ita ta kafa doka cewa abin da ba za ki iya goyawa ki hau tsauni da shi ba, ki bar shi a Amurka. Da Gwaggo ta ga jakata sai ta tambayi inda akwatunan suke. Matar da ko wuni za ta Baltimore sai ta cika bayan mota. Ta ce 'yan mata uku da aikinsu da albashinsu su goya kaya kamar 'yan ci-rani, ba da yawunta ba. Ba ta sauko ba sai da ta ji cewa cikin tsibiran da za mu har da Java. Ta shekara da shekaru tana ɗaura atamfar Java, ba ta taɓa sanin gari ba ne da mutane a ciki. Nan take ta sa mini albarka, ta ce tsarabarta ɗaya: zane daga can tushensa, wanda za ta ɗinka ta sa ranar walimar auren ɗanta Fahad a wata mai zuwa.

Anti, tafiyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Mun fara da wani ɗan tsibiri da babu mota ko ɗaya a cikinsa, sai keke da keken doki. Ni da babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Tiga, sai ga ni cikin teku da doguwar rigata, Constance na riƙe da hannuna, na dulmiya fuska da gilashin ninƙaya na ga kunkurun ruwa yana wucewa abinsa, ko kallo ban ishe shi ba. Kaneng mai cika bakin cewa babu barkonon da ke ba ta tsoro, yajinsu ya sa ta hawaye a gaban mai gasa kifi, muka yi ta dariya har cikinmu ya ƙulle. Daga nan muka ƙetara tsibirin Java, muka sauka Yogyakarta, garin tsofaffin wuraren bauta na dutse. Mu uku, Musulma ɗaya da Kirista biyu, muna zagaya gini hawa-hawa da aka sassaƙa tun zamanin da, wurin ibadar da ba na kowa a cikinmu ba, amma muka yi tsit ba wanda ya sa mu. Da muka sauko 'yan makaranta suka yanyame mu suna son hoto, Constance ta ce a ranar ta san ita ma shahararriya ce.

A garin na samo zanen. Wani gida ne inda mata ke zaune suna zana yadi da narkakken kakin zuma, da hannu, ɗigo-ɗigo, sannan a rina. Na zaɓi mai ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu, da 'yan tsuntsaye a bakinsa. Su ba su san turmi ba, ƙyalle-ƙyalle suke yi, da ƙyar na haɗa masu kama da juna da za su isa riga da zane da ɗankwali. Na tura wa Gwaggo hoton, ta kira ni ta rangaɗa guɗa a waya. Don zanen ya sami wuri a jaka sai da na rabu da takalmi da tawul.

Sai muka hau tsaunukan Dieng. Sanyi, hazo, gonakin dankali ko'ina, Kaneng ta ce ai Bokkos ta wajensu aka kawo ta. Mun sauka a gidan wata tsohuwa. Da safe muka ji kukan akuya da ƙarar tukwane, ashe sunan jikarta ake yi. Anti, an yanka akuya, an yi wa jaririya aski, malamai sun yi addu'a, mata na ta zuba shinkafa. Ban ji yarensu ba, amma babu abin da ban gane ba a gidan nan. Tsohuwar ta jawo mu cikin mata, ta cika mana faranti, sannan ta ɗauko jaririyar ta ɗora mini a cinya. Kewar gida ta taso mini, na yi hawaye.

Kin san mu. Ta yaya za a miƙo miki jaririya ranar suna, ki ci naman suna, ki tashi ki karkaɗe zane ki tafi? Shekarar da na zo ƙasar nan, mun kama hanyar wani suna a Silver Spring, Gwaggo ta gano ban riƙo komai ba. Ta juya mota daga tsakiyar hanya muka koma gida, ta buɗe akwatinta ta ciro turmi ta danƙa mini, tana faɗa tun daga ƙofa har muka isa. Ban manta ba. To a gidan tsohuwar nan ban san sanda ƙafata ta kai ni wurin jaka ba. Kaneng tana ta harara ta, ban kula ba. Na ajiye zanen gaban mai jego. Suka ƙi karɓa, na nace, suka sake ƙi, na ƙara nacewa irin tamu. Da guntun Turanci da nuni na ce daga uwata ne da ke Amurka, na faɗi sunanta. Tsohuwar ta ɗaga hannu ta yi doguwar addu'a, na ji sunan Gwaggo a ciki sarai. Suka naɗe jaririyar a ƙyalle ɗaya, Constance ta ɗauki hoto.

Sai da bas ta fara gangarowa da mu hankalina ya dawo jikina. Babu halin komawa Yogyakarta, jirginmu na jira a Jakarta, kuma a filin jirgi ban ga komai ba sai rigunan maza bugun inji.

Tun da muka dawo nake fakewa da gajiya. Gwaggo kuwa ta nuna wa duk ƙawayenta hoton zanen, ta yi magana da tela, har takalmi ta saya mai shiga da shi. Ranar Asabar ta gayyato su, za ta yi mana girkin barka da dawowa, a buɗe tsaraba a gaban kowa. Constance ta gano wata atamfa mai kama da shi a wani shagon 'yan Afirka, ta ce hoton da na tura bai fita sosai ba, Gwaggo ba za ta gane ba. Kaneng ta ce in faɗi gaskiya, amma ita a mota za ta jira ni. Ni dai ban yi da-na-sanin kyautar ba, fuskar Gwaggo nake tsoro. Abu ɗaya ta taɓa roƙo na. In sayo atamfar in yi shiru, ko yaya zan yi?

'Yar Gwaggo, Gaithersburg

Wa alaikumus salam 'yata,

Barkanku da dawowa. Na yi dariya, na kuma ji tausayinki, amma bari mu fara da atamfar shagon nan: ki bar ta inda take. Ba don Gwaggo za ta gane kawai ba, ko da yake zanen hannu da bugun inji ko a taɓawa sun bambanta. Atamfar inji tana da 'yan'uwa. Ki yi tunanin uwar ango ta gama shelar cewa zanenta daga Java aka goyo shi, sai ga wata baƙuwa ta shigo walima sanye da irinsa sak. Wannan kunyar ke za ki ja mata, kuma ta fi rashin zanen ciwo.

Ki kuma ba Gwaggo gaskiyarta. Tun ranar da ta ga hoton ta yi guɗa, zanen ya zama nata, ke 'yar aike ce. Kin yi kyauta da kayan wani, kuma kyawun niyyarki bai goge wannan ba. Tana da damar ta ji zafi, tana da damar ta yi faɗa. Ki zauna ki sha faɗan, kada ki katse ta, kuma kada ki soma da labarin ranar da ta juya mota. In kika fara da shi, za ta ji kamar kin zo ɗaure ta ne da igiyarta.

Kada ki bari sai Asabar. Ki je jibi ko gobe ma, ke kaɗai, ba Constance ba Kaneng. Ki gaishe ta, ki ce kin yi mata laifi, ki faɗi abin da ya faru yadda kika faɗa mini, har da akuyar da askin. Wannan zai ba ta lokaci ta sanar da ƙawayenta da bakinta, yadda take so, ba a tsinka ta a gaban baƙi ba. Ki wanko hoton jaririyar babba, ki sa shi a firam ki tafi da shi, kada ki miƙa mata waya tana laluben tabarau.

Sannan ki gyara ɓarnar. Ki nemi gidan matan da suka zana yadin, ki roƙi su yi wani su aiko. Ki gaya wa Gwaggo ƙarara cewa ba zai zo iri ɗaya ba, kuma da wuya ya riski walimar. Kayan walima kuwa, ki ɗauke ta a motarki ku je ta zaɓa da kanta, ido na ganin ido.

Ke kuma ki daina tuhumar murmushin nan. Yarinyar da aka taɓa juya mota saboda ita, ita ce ta tashi ta buɗe jaka a kan tsaunin da ba wanda ya san ta, ba wanda zai ce ta yi rowa. Ba sai kin faɗa wa Gwaggo wannan ba. In faɗan ya lafa ta dubi hoton, za ta ga tarbiyyar wa ke naɗe da jaririyar. Zanenta bai kai walima ba, amma ya je suna, kuma an ambaci sunanta a addu'a a garin da ba ta taɓa takawa ba.

Ki gaida Kaneng, ki ce ta sassauta dokarta. Tafiya ta gaba a bar miki wurin turmi ɗaya a jaka tun daga gida, tunda ba a san gidan sunan da za ku faɗa ba.

Allah Ya sanyaya zuciyar Gwaggo, Ya raya jaririyar Dieng, Ya sa a yi bikin Fahad lafiya.

Anti Mubina