Kwaɗon da Aka Sa wa Banɗakin Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa a durƙushe, irin wadda kika koya mana tun muna ƙanana, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin sauƙi da yalwar makwanci. Na san babu mai kai miki ita. A shafina na intanet zan sa ta, masu karantawa su karanta, wasu su yi miki addu'a, wasu kuma su ce Asabe ta rasa abin rubutu sai banɗaki. Su faɗa. Ke ma an faɗa miki fiye da haka, ba ki fasa ba.

Labarin banɗakinki na baƙi na kawo miki, ɗan ƙaramin nan da ke tsakanin zaure da tsakar gida. Bayan an yi addu'ar arba'in ɗinki, Yaya Bala ya sa masa kwaɗo. Ya kuma ce da damina ta ɗauke zai kira magini a kankare fentin, a manna farin tayil daga ƙasa har sama kamar yadda kowa ke yi yanzu, a bar shi don manyan baƙi.

Wuri ne da in mutum ya buɗe hannuwansa zai taɓa bango da bango, amma me ba ki zuba a cikinsa ba? Daga ƙasa zuwa kafaɗa ruwan goro ne mai ƙarfi, mai dukan ido tun daga bakin ƙofa. Daga nan zuwa rufi kore shar. Ƙofar kuma shuɗiya. Madubin kin zagaye shi da fasassun farantan tangaran da kika yi shekaru kina tarawa a tsohon kwando, har ya zama duk gidan da aka fasa faranti a unguwarmu sai a ce a kai wa Inna Kulu. Ga faya-fayai masu launi kin jera a sama, ga sabulu cikin 'yar ƙwarya mai zane, ga randa da moɗa, ga butoci biyu, ja da ruwan ɗorawa. Kowace safiya kaskon turaren wuta na bakin ƙofarsa kafin ya shiga ɗakin kowa.

Baba, Allah Ya jiƙansa, ranar da ya fara gani tsayawa ya yi riƙe da ƙugu. Ya ce duk yawon da ya yi a aikin soja bai taɓa ganin inda aka yi wa masai kwalliyar bayan motar katako ba. Kika ce masa ai motar katako ma mutane take ɗauka. Gwaggo Tani, ƙanwarsa, ta fi shi tayar da hankali, ta ce kowa ya san aljanu a irin wurin nan suke zama, ke kuma kin tashi kina ƙawata musu. Kika ce in sun zo su ma su ga tsabta. Falonki kuwa farar ƙasa ce kawai da kujerun da Baba ya dawo da su daga bariki, ba ki taɓa damuwa da shi ba.

Ranar kasuwa gidanmu ba ya zama namu. Matan ƙauye masu itace, masu dawa, masu daddawa, na wajen Danko da na wajen Mahuta, duk sun san ƙofar shuɗiya. Wadda ta zo karon farko takan tura ƙofar, ta ja da baya, ta tuɓe takalmi, sannan ta dawo tana tambaya a hankali ko ina ne ainihin makewayin, don ta yi kuskure ta buɗe ɗakin amarya. Ke kuma ki yi ta dariya har da riƙe ciki, ki kama hannunta ki tura ta ciki, ki ce mata nata ne.

Ni ce mai wanke shi, Inna, kin sani. Ina budurwa, ƙawayena na tafiya gidan kitso, ni ina duƙe da tsintsiya da toka ina ƙunƙuni. Wata rana na ce miki wai mu dole ne sai duk mai kai kaya kasuwar Zuru ya kewaya a gidanmu? Na zaci duka zan sha. Sai kika kife turmi kika zauna a kansa, kika ba ni labarin da ban ƙara jin kin ba kowa ba.

Kika ce lokacin ba a daɗe da kawo ki gari daga ƙauyenku ba, Hausar ma ba ta gama zama a bakinki ba, Dakarci ke riga ta fitowa. Kina da tsohon cikin Yaya Bala, aka gayyace ku suna a wani babban gida. Fitsari ya matse ki, kika daure har kika kasa, kika je kika roƙi matar gidan ta nuna miki makewayi. Ba ta dubi fuskarki ba. Ƙafafunki ta duba, da fasonsu da jar ƙasar hanya, sannan ta nuna miki bayan katanga inda ake ɗaure awaki, alhali kina kallon wasu mata suna shiga wata ƙofa a ciki suna fitowa suna goge hannu. Ana yayyafi. Kika tsugunna a tsakanin awaki da cikinki a gaba, kika dawo zaninki a jiƙe. Kika ce mini ba jiƙewar ce ta tsaya miki a rai ba, kallon ƙafar nan ne. Daga nan kika faɗi maganar da har gobe nake ji da muryarki: “Duk wanda ya shigo gidan ga, ba a duba mashi ƙafa.”

Ban sake ƙunƙuni ba. To, na rage dai.

Kada ki ɗauka na kawo ƙarar Yaya Bala ne. Shi ya yi jinyarki, shi ya ɗauke ki a hannunsa zuwa mota ranar da numfashi ya fara yi miki wuya. Kuma abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne. Ya ce ruwa ya yi wuya, ramin na cika da wuri, matarsa Rabi ga goyo ga aiki, ba za ta iya bin bayan duk matan kasuwa da tsintsiya ba. Ya ce danshi ya ci bangon, fentin na ɓarewa, abokan aikinsa kuma in sun shiga sukan fito suna murmushi. Na ba shi labarin awakin, na ce masa kana cikinta ranar, da kai aka tsugunna. Ya ce wancan wani zamani ne, kuma ni da ke zaune gidan mijina a wata unguwa ban san wahalar gidan ba. Raina ya ɓaci, na ɗauki mayafina na fita ko sallama ban yi ba. Kin san halina, daga wurinki na ɗauko.

Haka matan kasuwa suka riƙa zuwa suna tarar da kwaɗo suna juyawa. A hankali suka daina shigowa, zauren ya yi tsit ranar kasuwa kamar ba gidanki ba.

Kin tuna Dudu, Bafulatanar nan mai nono, ƙawarki, wadda ke kiranki Kuluwa? Tun kafin ki kwanta ciwo suka tashi da shanunsu da daji ya rikice, ba mu ƙara jin ɗuriyarta ba. Ba ta da waya, ba mu kuma san wanda za mu aika ba. Kin tambaye ta sau da yawa a kwanakinki na ƙarshe, muna ce miki tana nan tafe.

Makon jiya ta zo, Inna. Na je gida kai wa Rabi maganin yaro, da hantsi, Yaya Bala na zaune a zaure yana jiran mai gyaran babur. Sai ga sallamarta, da 'yar siririyar muryar nan tata. Ta rame, ta yi baƙi, amma fara'arta na nan. Ta gaishe shi a tsaye, ta sauke ƙwaryarta a gindin bango inda ta saba saukewa, tana ɗaga murya tana cewa Kuluwa ta fito ga ɓatacciya ta dawo, amma bari ta fara kewayawa don tun daga tasha take riƙe da fitsari. Ni ina tsakar gida ina kallonta.

Ta nufi ƙofar shuɗiya, ta kai hannu, sai ta ga kwaɗo. Ta tsaya. Ta taɓa shi, ta juya shi a tafin hannunta, ta daɗe tana kallonsa. Ba ta dubi ɗakinki ba, ba ta sake kiran sunanki ba. Ta juyo gare ni kawai ta ce, “Asabe, yaushe ta rasu?”

Ba wanda ya gaya mata, Inna. Ba mu kai ga buɗe baki ba. Ta san dai muddin kina numfashi a gidan nan ƙarfe ba zai hau ƙofar nan ba.

Na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da ke. Rabi ma ta sa gefen zani ta rufe fuska. Yaya Bala ya taso daga zaure, yana laluben makulli a aljihu, ya buɗe, ya zare kwaɗon gaba ɗaya, ya koma zaure bai dubi kowa ba. Dudu ta shiga ta jawo ƙofa. Muna jin ta tana ɗiban ruwa a randa tana zubarwa, tana ɗiba tana zubarwa, don kada mu ji kukanta, amma mun ji. Da ta fito ta zauna a ƙasa ta yi miki addu'a da Fulatanci da Hausa. Ta juye mana nonon duka a kwano, ta ce na Kuluwa ne, ta kife ƙwaryarta a kai ta tafi.

Washegari Yaya Bala ya kira ni a waya. Bai ce komai kan abin da ya faru ba, kin san shi. Tambayata ya yi ko na san yadda kike haɗa ruwan goron nan, don inda danshi ya ci yana son a shafe kafin ya ƙara lalacewa. Na ce ban sani ba. Na sha ganinki kina zuba ja a kan ruwan ɗorawa a tsohuwar roba kina juyawa da kara, kina ɗigawa a bayan hannunki kina dubawa a rana, amma ban taɓa tambayarki ba, na ɗauka kullum kina nan.

Mun gwada, ni da shi da Rabi. Na farko ya fito kamar manja, na biyu kamar miyar taushe. Muka shafa wanda ya fi kusa, ya bushe, bai yi daidai ba. Duk wanda ya shiga yanzu zai ga inda hannunki ya tsaya da inda namu ya fara. Yaya Bala ya tsaya yana kallo, ya ce a bar shi haka. Zancen farin tayil bai sake tasowa ba. Ranar kasuwa ni zan riƙa zuwa ina wankewa, haka muka shirya da Rabi. Mata ba su dawo duka ba tukuna, amma jiya biyu sun shigo, ɗayarsu ma ta tuɓe takalmi, na kama hannunta na tura ta ciki. Dariyar ce na kasa yi irin taki.

Ina kewarki, Inna. Ina shiga in rufe ƙofa in dubi madubin nan, in ga farantin gidan wance da na gidan wance, in ga fuskata ta fara komawa taki. Wani lokaci ƙanshin turaren kawai ya ishe ni in zauna a bakin randa in kasa tashi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a gidan rahama. Yadda kika bar ƙofarki a buɗe ga wanda ya matsu, Allah Ya buɗe miki tasa. Ya sa inda kika isa, da fasonki da jar ƙasar hanyarki, ba a duba miki ƙafa ba. Amin.

Ɗiyarki mai wanke miki banɗaki,
Asabe
Zuru