Rigar da Inna Ta Wanke

Zuwa ga Yaya Bashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a duk inda kake, na rubuta wannan ne a inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya isar maka. Tun ranar da ka haye gada zuwa Bahri duba shagonka, lokacin da faɗa ya yi tsanani, wayarka a kashe take.

Inna tana nan lafiya. Karenka Shatta ma yana nan, kuma maganarsa ce ta hana ni sukuni.

Abokanka masu karnuka da suka rage a Umdurman sun sake share filin bayan kasuwa. Ran Juma'a bayan la'asar za a yi gasar tsalle-tsallen karnuka kamar da. Babu kofi, babu komai, sai shayi da dariya. Sun sa sunan Shatta, wai ni zan yi gudu da shi. Ni fa, Yaya, da nake zama a gefe ina maka tsiya, ƙato da gemu yana tsere da kare.

Kayan da ka haɗa a filin unguwar Alshajara suna nan: tayar da yake tsallakewa ta ciki, gangunan da ka fasa gindinsu don ya riƙa kutsawa, da sandunan da yake zagayewa. Da na fara kai shi filin, ko kallona bai yi. Zama yake a bakin ganga yana duban hanya.

Ka tuna rigarka mai ruwan ƙasa da ke rataye a ƙusar zaure? Sharaɗin Inna ne: "Rigar kare daban, rigar salla daban." Ita na saka wata rana da tawa ta jiƙe. Shatta ya shinshina ni, ya miƙe. Na ɗaga hannu yadda kake yi, sai ga shi ya wuce ta cikin taya kamar an harba shi. Na san ba ni yake bi ba, warin guminka yake bi, kuma wallahi hakan ya yi mini daɗi. Mu biyu ke nan muna jiranka.

Shekaranjiya na dawo na tarar da rigar a kan igiya. Inna ta wanke ta fes da sabulu, wai kada ka dawo ka same ta da datti.

Jiya na saka ta haka nan, na ce a raina halas, shi ke nan, zai koma ya zauna. Yaya, bai zauna ba. Ya tsallake taya, ya kutsa ganguna, ya zagaye sanduna bai taɓa ko ɗaya ba, ya dawo ya dafa ƙirjina da ƙafafunsa. Ko sau ɗaya bai dubi hanya ba.

Tsoro ya kama ni, har yanzu bai sake ni ba. Duk gidan nan shi kaɗai ne bai taɓa shakkar dawowarka ba. In zuciyata ta karaya, shi nake kallo in samu ƙarfi. To yanzu wa zan kalla?

Ban san me zan roƙa ran Juma'a ba, ya ci gasar ko ya zauna ya kunyata ni gaban jama'a. Ina jin na fi son kunyar.

Allah ya tsare ka, ya sa kana hannun masu imani, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Ka zo ka karɓi rigarka, Yayana. Ta yi mini yawa a kafaɗa.

Ƙaninka,
Idris