Na Saba Kukan Kasuwa, 'Yata Na So In Yi Shelar Nasara

Hajiya, don Allah ki ceci dattijo kafin 'yar cikinsa ta tona masa asiri a gaban duniya.

Ni dillalin dankalin Turawa ne a Dilimi, cikin Jos. Bokona a firamare ya tsaya, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Amma Allah ya ba ni 'ya mai kan kwamfuta, Madina. Bara ta yi mini shafin intanet. Ta ce ta gina shi a kan wata manhaja da mutanen ƙasashe daban-daban ke haɗawa kamar aikin gayya, kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya gyara inda ta karkace. Na ce mata abin da aka ba ka kyauta a leƙa ƙarƙashinsa. Ta yi dariya, ta ɗauki hoton buhunana.

Hajiya, abin ya yi aiki. Otal-otal na Abuja da ko maigadinsu ba zai amsa sallamata ba, yanzu su ke bugo mini waya suna ce mini oga.

To, masu gayyar nan suna tattara labaran waɗanda manhajar ta amfana, su sa a shafinsu don wasu su gani su shigo. Madina ta ɗauki nauyin nemo na nan. Ta bi duk wanda ta yi wa shafi, da tela a Anguwan Rogo, da Madam Suzana mai kantin littattafai a Gada Biyu. Kowa amsarsa ɗaya: sai godiya, ana lallaɓawa. Telan ma roƙonta ya yi ta rufa masa asiri, yana da surukai. Sai ta juyo kaina, wai da suna da hoto.

Ni kuwa tun ina saurayi in aka tambaye ni kasuwa, amsata ɗaya ce: ta mutu. Na yi mata jana'iza ya fi a ƙirga. Akwai bakin mutane, akwai dangi masu dogon hanci. Sannan akwai Datong, manomin Bokkos da nake ɗaukar dankalinsa tun kafin a haifi Madina. Duk zuwana sai na yi masa kukan kasuwa har matarsa ta tausaya ta ƙaro mini gwate. Ɗansa Badung a shagon intanet yake aiki. Ranar da hotona ya fito ina washe baki, ranar zai buga shi a takarda ya kai gida.

Madina ba ta yi rigima ba, shi ne ma abin da ke damuna. Ta dai ce ta yi wa mutanen alkawari, in ta koma ba labari ko ɗaya za su ɗauka ƙarya take yi cewa ana amfani da abinsu a Jos. Na ce ta rubuta cewa kasuwa na nan tana mutuwa, amma a hankali yanzu. Ba ta yi dariya ba. Yarinyar da ko tari na yi sai ta yi dariya. Yaya zan yi?

Mai Dankali, Dilimi

Malam Mai Dankali,

Ka ba ni dariya, amma damuwarka ba ta wasa ba ce. Ɓoye samu ba laifi ba ne, haka muka taso, kuma ba wanda ya isa ya tilasta ka tallan arzikinka. Mutanen nan ma ba cikin aljihunka suke son gani ba. So suke su ji cewa abin da suka yi kyauta ya yi wa wani amfani. Kana iya cewa da ba a san ka a Abuja ba, yanzu an san ka, ka tsaya nan. In hoto ne ba ka so, a sa na buhuna, sun fi ka sabawa da kyamara.

Sai dai ka duba wasiƙarka. Dangi layi ɗaya ka ba su, Datong kuwa har gwaten matarsa ka tuna. Ba bakin duniya kake tsoro ba, idonsa kake kunya. Kasuwar da ta buɗe, dankalinsa ne ya buɗe ta. Ka hau mota ka je Bokkos tun kafin a sa komai a shafi, ka faɗa masa da bakinka, ku sake zama a kan farashi. Zai yi maka tsiya, kuma ka cancanta. In ya yarda, a sa sunansa a labarin, domin nasa ne kamar yadda yake naka.

Madina kuma ba talla take roƙo ba. Shaida take nema cewa aikinta aiki ne, kuma ta fara neman ta a waje kafin ta zo gare ka, don ta san halinka. Yau ɗin nan ka kira ta ka ce mata ta yi maka alheri, ba tare da ka sa wasa a ciki ba. Na san wannan zai fi tafiyar Bokkos wuya.

Allah ya ƙara buɗi, ya raya Madina, ya ba ka ƙarfin halin cewa alhamdulillahi a bainar jama'a.