Ni da Rifkatu da Littafinta

Litinin, 3 ga Mayu, 1976
An haɗa ni gidan malamai na Kambarawa da sabuwar malama, Rifkatu Yari. Bahaushiya ce daga wajen Kafur, Kirista. Ta iya miyar kuka, ga ban dariya. Yaya Iro bai so ba. Wai in dawo gidansa na GRA, akwai fanka da firji.

Asabar, 8 ga Mayu
Bakina ya ja mini. Muna tsintar shinkafa na ce da wasa, ai littafinku an sha canza shi. Ta aje faranti ta shiga ɗaki.

Lahadi, 9 ga Mayu
Gaisuwa kawai. Tuwon da na tuƙa ni kaɗai ya yi gudaji.

Laraba, 12 ga Mayu
Na ba ta haƙuri da kilishi. Ta cinye tas kafin ta yafe! Sai na tambaye ta da gaske, me ya sa suka amince da shi haka.

Ta ce labarin Yesu mutum huɗu suka rubuta, daga bakin waɗanda suka gani da ido. Ta tuna mini ranar da tankar ruwa ta kife a Ƙofar 'Yandaka: kowa da yadda ya faɗa, amma ba wanda ya ce ba ta kife ba. Wai kuma an tono tsofaffin kwafi a ƙasashe daban-daban, aka gwada, saƙon bai sauya ba.

Sannan Bitrus, babban almajirin Yesu. Sau uku ya ce bai san shi ba, don tsoron wata baiwa. "Malama Binta, in ke za ki ƙirƙiro labari, za ki rubuta abin kunyar shugabanku?" Na ce ni ko makarar da na yi jiya ban rubuta ba. Muka yi ta dariya.

Na faɗa mata abin da malamanmu suka koya mana, ta saurara har ƙarshe. Ba wadda ta ka da wata.

Lahadi, 16 ga Mayu
Babanta ya zo da tsarabar gyaɗa. Tsoho mai fara'a. Da bakinsa ya ce a da can shi mashayin burkutu ne, sai da ya kai shekara arba'in ya koyi karatu don littafin nan, bai sake sha ba. Nasa duk ya yage, an ɗinke da zare. Da la'asar ta yi, shi ya ce wa Rifkatu ta kawo mini buta.

Juma'a, 21 ga Mayu
Yaya Iro ya zo da sabuwar Fijo ɗaukar kayana. Ya ce zama da su sai a hankali, mutanen da ko littafinsu ba su tabbatar ba. Na ji bakina ya ce, "Yaya, su dai sun tabbatar, kuma suna da dalilansu." Ya dube ni.

Na ce masa GRA ta yi nisa da makaranta. Nisan dai ba wani mai yawa ba ne.