Ni na ɗora tayoyin nan, Inna

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa, Allah ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma ni zan karanta miki, kina gyara mini zama. Amma in ban rubuta ba zan fashe.

Gero ya fara fitar da kai, daidai lokacin da kika kwanta bara. Gonarmu ta Ruma har yau tana hannun 'yan daji, muna nan Batsari a ɗakin aron nan. Asibiti ya sake cika. Mutanen Runka da Karare na kwance bisa tabarmi har baranda, kowa na kukan ƙashinsa zai karye, kowa ana ce masa maleriya ce.

Ke ma haka aka ce. Sau uku ana yi miki allurarta. Sai bayan mun rufe ki takardar jininki ta iso daga Katsina: zazzaɓin dengi. Na zauna da wayata mai fasasshen gilashi ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya har na gane shi. Sauronsa baƙi ne mai zanen fari. Da rana yake cizo, gidan sauronki na naɗe. A ruwan sama mai tsabta yake ƙwai, shi ya sa yake tashi in damina ta yi nisa.

Inna, kin tuna da iska ta yaye mana kwano, na roƙo tsofaffin tayoyi wurin mai faci na danne rufin? Har albarka kika sa mini. A cikinsu ruwan ya kwanta. Kuma ƙwayar ciwon jikin da na sayo miki a kemis, ashe ƙara zubar jini take. Ban faɗa wa kowa ba. Ki yafe mini.

Na watso tayoyin ƙasa, na sa duwatsu. Na bi layinmu ina kifar da gwangwani da fasassun tukwane. Ƙanenki Kawu Lawal yana ce mini likitan waya, wai kwananki ne ya ƙare. Na yarda, wallahi na yarda! Amma wanda ya ƙaddara mutuwa ba shi ya ba ni hannu da ido ba?

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Autarki Asabe kwana huɗu tana zazzaɓi, tana cewa bayan idonta na ciwo. Yau jikin ya yi sanyi, Kawu ya ce ta warke, a bar ta ta huta. Naki ma haka ya yi sanyi, washegari dasashinki ya fara jini. Wa zai sake ruɗa ni?

Na aro babur. Yanzu zan goya ta zuwa Katsina, ko hanya da kyau ko babu, kuma ba zan bar bakin ƙofar likita ba sai an ɗebi jininta. Kawu ya ce in na fita da ita babu shi babu ni. To, ya riƙe gaisuwarsa.

Sai na dawo, Inna. Allah ya jiƙan ki.

Ɗanki da ba ya jin magana,
Habu