Rediyon da na sayar yana hannun ɗan farina

Assalamu alaikum admin da sauran 'yan wannan zaure na masu sha'awar rediyo. Admin a ɓoye sunana saboda Allah. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tsoho ne ke magana kuma a tsorace nake.

Ni mutumin Daura ne, na haura saba'in. Kada ku yi mamakin ganin ina rubutu a waya, ni akawu ne mai buga tafireta tun iyayen wasunku suna yawo ba wando. A shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya shigo kowa ya sayi babur da agogo, na samu aiki a wani kamfani da ke yin titi ta wajen Zango. A can na haɗu da wani injiniya Bature da muke kira Mai Lofe, don ba ya rabuwa da lofensa. Yana da wani rediyo a ɗakinsa, ba irin na jin labarai ba, irin wanda za ka yi magana a ji ka a wata ƙasa kuma a amsa maka, mu dai oba-oba muke ce masa. Akwatin ƙarfe ne mai nauyi, sai ka yi nishi kafin ka ɗaga, a cikinsa akwai ƙwayaye na gilashi kamar ƙwan lantarki, su ke ba shi ƙarfi. Yakan haɗa shi da wata na'ura mai kama da tafireta, ka buga rubutu a nan ya fita a takarda a garin da ba ka taɓa jin sunansa ba. Da yake hannuna na da sauri sai ya riƙa kirana in buga masa, a haka abin ya shiga raina. Da zai koma gida ya taimaka mini na samu lasisi, ya sayar mini da rediyon da na'urar a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abu biyu ya yi ta nanata mini da gurguwar Hausarsa. Na farko ya ce in magana kake yi da baki, ba laifi ka ba shi ƙarfinsa duka, domin tsakanin kalma da kalma rediyon yana hutawa. Amma in rubutu kake aikawa ba ya hutawa ko kaɗan, don haka ka rage ƙarfin ya dawo kamar kwata, wato kashi ɗaya cikin huɗu, in ba haka ba ƙwayayen za su yi ja su ƙone. Na biyu ya ce kada ka buɗe murfinsa da ganganci, akwai wasu gwangwanaye a ciki da ke riƙe wuta ko bayan an zare waya, wutar da za ta iya kashe ƙato. In ya zama dole sai an sauke wutar tukuna, kuma hannu ɗaya a aljihu, don kada ta bi hannu biyu ta ratsa ƙirji.

Ina da wani aboki a lokacin, bari in kira shi Sale, mai gyaran agogo da rediyo a kasuwa, hannunsa kamar na mai ɗinki don kyau. Bayan tafiyar Bature shi ne ya ce wannan maganar kwata rowa ce kawai, ya murɗa ƙarfin har ƙarshe muna aika rubutu, ba a jima ba muka ji ƙauri, rediyo ya yi shiru. Da muka samo wani ƙwan ya zo zai canza, na tuna masa maganar Mai Lofe. Dariya ya yi, ya ce, "Kai ma dai wane! An kashe janareta, an zare waya, aljani ne zai kawo wutar?" A gabana ya zura hannu. Ƙara kawai na ji, na ga Sale ya bugu da bango idonsa ya juye, ɗakin ya cika da warin ƙonannen nama. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma hannun nan bai sake riƙe sukurun agogo ba, goro ya koma sayarwa har ya rasu. Har yau in na ji ƙaurin waya sai in tuna da shi.

To yanzu ido ya yi rauni, kunne ma ya fara yi mini gardama, rediyon yana ajiye ɓeraye na neman mayar da shi gida. Bara na sa aka gwada, yana aiki, sai na ba wani dillali a nan cikin gari ya sayar. Na zaunar da shi na faɗa masa sharuɗɗan nan biyu, na ce ya faɗa wa duk wanda zai saya, ya ce an gama Alhaji. Ashe bawan Allahn nan don ciniki ya yi armashi akasin haka ya faɗa, wai ƙarfen zamanin mai ne, ba ya gajiya, a murɗa shi yadda ake so. Kwanan baya ya kawo mini kuɗi ya ce wani ne daga ƙauye ya saya, ban tambayi ko wane ne ba.

A nan ne maganar take. Ina da ɗan fari, an haife shi a shekarun da nake aikin kamfanin nan. Ku yaran yanzu da kuke ɗaukar 'ya'yanku na fari kuna sawa a waya duniya ta gani, ba lalle ku gane ba. Mu a gidanmu ɗan fari ba a faɗar sunansa, ba a zama a yi hira da shi, da aka yaye shi wana ya ɗauke shi riƙo ya tafi da shi Baure, can ya girma, can ya yi aure. Tsakanina da shi gaisuwa ce, ya durƙusa daga nesa, in amsa ina kallon wani wuri. Duk abin da zan faɗa masa ta bakin wana yake bi, shi kuma wana ya rasu. Ba ƙiyayya ba ce, wallahi duk cikin 'ya'yana ba wanda nake yi wa addu'a kamarsa, haka dai muka tarar. Yanzu ya zama magidanci da iyalinsa, yana da shagon gyaran waya da haɗa sola.

Makon da ya wuce matarsa ta zo gaishe da uwargidana, ina daga zaure ina jiyo su. Take cewa, "Inna, ɗanku fa ya sayo wani tsohon rediyo ya haɗa da kwamfuta, ba ya ko cin abinci a kan lokaci. Rediyon zafi yake kamar murhu, shekaranjiya ya yi ƙauri ya mutu, wai sai an kawo masa wani ƙwai daga Kano ya buɗe ya canza." Na ƙara kasa kunne. Sai ta rage murya ta ce ai ya san na Baba ne, ya gane shi da tabon ƙunar lofe da ke saman murfin. Wai tun yana yaro in an kawo shi salla yakan laɓe a ƙofar zaure yana sauraron rediyon nan, bai taɓa shiga ba, kuma bai taɓa iya roƙona ba. Da ya ji an sa shi a kasuwa ya bi ta hannun dillali don kada in sani. Ta haɗa Inna da Allah kada maganar ta fita, wai in ya ji ta faɗa ransa zai ɓaci. Da na sani ai kyauta zan aika masa da shi, da takardar gargaɗi a manne.

Na yi iya dabarata. Na kira dillalin na wanke shi tas, ya rantse ya faɗa, daga baya ya ce wai ya manta. Na tura shi Baure, shi kuma don tsoron a warware ciniki la'adarsa ta zube sai ya je ya ce wai mai kaya yana ƙorafi. Yaron ya ɗauka so nake a dawo mini da abina, ya ce a gaya wa mai kaya ciniki ya faɗa. Na ce wa uwarsa ta kira shi, ta ce ita da ko inuwarsa ba ta haɗa ido da ita, in rufa mata asiri, muka yi ta sa-in-sa har ta yi kuka. Na tura ƙaninsa ya faɗa masa kamar a wani wuri ya ji, ya dawo ya ce mini Yaya dariya ya yi, ya ce shi da kullum hannunsa na cikin inbata, akwatin wutar sola, ai in an zare waya magana ta ƙare. Jama'a, maganar Sale ke nan, ba abin da ya bari. Kuma direban da zai kawo ƙwan ya ce ƙarshen makon nan zai shigo.

Na san wasunku za su ce tsoho tashi ka hau mota mana, Baure ba nisa. Na sani. Na sa hula na fito har bakin tasha na dawo, ban shiga motar ba. In na je na tona asirin matarsa, na kuma kunyata shi a kan abin da ya ɓoye saboda girmamawa, kuma ban san ma ta ina ake fara magana da shi ba, ban taɓa yi ba. Ina kuma tsoron in yi maganar a gurguje saboda nauyi, ya ce to Baba, ya sunkuyar da kai, in juya baya ya buɗe abinsa. Abin nan ba a faɗarsa da baki kawai, sai na zauna kusa da shi, na kama hannunsa na nuna masa inda ba a taɓawa.

Don haka tambayata biyu ce. Ku masu haɗa rediyo da kwamfuta, wannan dijital ɗin naku, tsohon rediyo mai ƙwai na wat ɗari nawa ya kamata a ba shi, kwatan da Mai Lofe ya ce har yanzu shi ne, ko a ƙara ragewa? Ina so in na buɗe baki in faɗi abin da mai gyara zai yarda da shi. Ta biyun kuma ga manya irina da suka san alkunya, don Allah yaya zan yi, in kira shi a waya ne, ko in je shagon in zauna, kuma in na je da me zan kira shi? Lambarsa tana cikin wayata, Baure kawai na rubuta a kanta. Tun ranar da na yi masa huɗuba a kunne ban sake furta sunan yaron nan ba, kuma abin da ke hana ni sukuni shi ne kada ranar da zan fara faɗarsa ta zama ranar da ba zai iya amsawa ba.