Dabinon Hafsa Ya Dawo Jidda

Yaya Maryam,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Baba, ya yara? Mu nan Jidda lafiya lau.

Na dawo daga Guwanzo ta ƙasar Sin da kunya. Na yi wa 'yarki Hafsa, da ke karatu a can, alƙawarin zan je makarantarsu ranar da zan taso, bayan la'asar. Sai na shiga kasuwar abaya, bene ne ba taga, ina ta ciniki ina jiran kiran sallar la'asar kamar a kasuwar Bab Makka ta nan Jidda. Ashe can ba a jin kira. Da na fito rana ta faɗi, halas, shi ke nan, sai filin jirgi. Ita kuwa ta tuƙa mini tuwo tana jira.

Har doguwar hasumiyar garin na samu lokacin hawa, Yaya, amma ban ga 'yarki ba. Dabinon da na saya mata a nan Jidda yana jakata.

Ki ba ta haƙuri, ki sa ni a addu'a. A gaida Baba da kowa.

Ƙaninki,
Sani